Rumbun bayanan jama'a: a gwada ƙofar tun kafin ɓarawo ya gwada ta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban tagar kamfanin aika kuɗi a Yamai, Kwatano ko Abijan ya san tambayoyin da ake yi masa: suna, lambar waya, katin ɗan ƙasa, sunan mai karɓa da garin da yake. Ba a minti biyar tsohuwa a Tasawa ko Madawa ta karɓi jaka ashirin ɗinta, kowa ya kama gabansa. Su kuwa bayanan suna nan zaune cikin wata na'ura da mai aikawa da mai karɓa ba su taɓa gani ba.

Haka abin yake ga mai yi wa layin wayarsa rijista, da ɗalibin da ke neman sakamakon BEPC ko Bak ta intanet, da ma'aikacin da albashinsa ke bi ta banki, da masu zaɓe sama da miliyan 7 da aka ɗauki hoto da zanen yatsunsu kafin zaɓen 2020. Cikin ƴan shekaru, rayuwar ɗan Nijar ta tashi daga kundin takarda ta koma cikin rumbun bayanai. Ana bikin buɗe sabon tsari, ana yanke ƙyalle, ana ɗaukar hoto. Da wuya a ji wani ya tashi a wurin bikin ya tambaya ko an sa gwani ya gwada fasa rumbun kafin a zuba sunayen mutane a ciki.

Wannan tambaya ce ya kamata ta zama ta farko. Duk hukuma ko kamfanin da ke riƙe da bayanan jama'a ya kamata doka ta tilasta masa gwajin tsaron rumbunsa, ta hannun wanda ba shi ya gina shi ba, kafin a fara aiki da shi da kuma duk shekara. Matashin da ya hango ɓaraka ya kai rahoto da zuciya ɗaya kuma, ya kamata doka ta kare shi.

Mene ne ake gwadawa?

Mafi yawan bankuna, kamfanonin waya da ma'aikatu a duniya suna ajiye bayanansu cikin wani irin rumbu da wani masani na kamfanin IBM, Edgar Codd, ya fito da tsarinsa a 1970. Ana jera bayanai cikin jadawalai masu alaƙa da juna: wannan na sunaye, wancan na lambobin asusu, wani na shige da ficen kuɗi, lamba guda tana haɗa su. Ana yi wa rumbun magana da wani yaren umarni mai suna SQL. Manhajojin da suka fi shahara a wannan aiki su ne Oracle, MySQL, PostgreSQL da SQL Server, kuma suna zaune ne kan babbar kwamfutar da ake kira uwar garke.

Gwajin tsaro shi ne mai rumbu ya ɗauko gwani, su sa hannu kan takarda, ya ce masa ya zo kamar ɓarawo ya ga inda zai iya shiga. Mai gwaji yakan fara da duba ko ana hango uwar garken daga intanet. Kowace manhaja tana da ƙofar da aka san ta da ita, 3306 ga MySQL, 5432 ga PostgreSQL, 1433 ga SQL Server, kuma babu dalilin da zai sa waɗannan ƙofofi su kasance a buɗe ga duniya. Daga nan ya gwada lambobin sirri, domin har yau ana samun asusun shugaban rumbu da kalmar da yaro zai iya canka. Ya duba ko manhajar ta tsufa, ko an sa mata gyare-gyaren da kamfaninta ya fitar. Ya duba ikon da aka bai wa kowane ma'aikaci: mai karɓar kuɗi a taga yana iya ganin asusun kowa? Yana iya gogewa? Ya tambayi inda ake ajiye kwafin ko-ta-kwana, da ko an kulle shi. A ƙarshe ya duba ko rumbun yana rubuta wanda ya shiga da abin da ya taɓa, da ko akwai mai karanta wannan rubutu.

Akwai kuma wata tsohuwar dabara da ake kira cusa umarnin SQL. A ɗauka magatakarda ne ke karɓar takarda, duk abin da aka rubuta a kai sai ya aikata. Wani ya zo, a gurbin suna ya rubuta sunansa, ya ƙara da cewa a miƙo masa kundin gaba ɗaya. Magatakarda mai hankali zai gane cewa wannan ba suna ba ne. Shafin intanet da aka gina da ganganci ba ya ganewa, sai ya miƙa wa rumbu maganar yadda take, rumbu kuma ya bi umarni. An bayyana wannan dabara a fili tun watan Disamban 1998 a mujallar masu kutse ta Phrack. Maganinta sananne ne, ba ya buƙatar sayen komai: mai gina shafi ya raba umarni da abin da baƙo ya rubuta. Duk da haka, ƙungiyar OWASP mai bin diddigin tsaron shafuka ta sa wannan nau'in hari a matsayi na ɗaya a jerinta na 2010, 2013 da 2017, kuma a 2021 yana na uku.

Abin da ya faru da TalkTalk

Misali mafi sauƙin fahimta ya faru ne a Birtaniya. A watan Oktoban 2015 masu kutse suka shiga rumbun kamfanin sadarwa na TalkTalk, suka kai ga bayanan mutum 156,959: sunaye, adireshi, ranar haihuwa, lambobin waya. A cikinsu, mutum 15,656 har da lambobin asusunsu na banki.

Binciken hukumar kare bayanai ta ƙasar ya nuna abin kunya. Hanyar da aka bi wasu shafuka ne guda uku da TalkTalk ya gada lokacin da ya sayi reshen kamfanin Tiscali a 2009. Kamfanin bai ma san shafukan suna da rauni ba, domin bai bincika abin da ya saya yadda ya kamata ba. Manhajar rumbun da ke bayansu tsohuwa ce, kuma gyaran matsalarta ya fito tun 2012, ba a sa ba. Bugu da ƙari, an kai hari ta wannan hanya a watan Yuli da Satumba na shekarar, kafin babban harin, ba wanda ya farga. Cikin waɗanda aka gurfanar a kotu har da yaro ɗan shekara 17, wanda ya yi amfani da sqlmap, wata manhaja da kowa ke iya saukewa kyauta, wadda masu gwajin tsaro ke aiki da ita kullum.

A watan Oktoban 2016 hukumar ta ci kamfanin tarar fam 400,000, kusan miliyan 300 na sefa, tara mafi girma da ta taɓa yankewa a lokacin. Tarar ce ma ƙaramar asara. Kamfanin ya ƙiyasta abin da harin ya ci masa da kimanin fam miliyan 60, kuma abokan hulɗa kusan 100,000 suka bar shi.

Abin lura shi ne kayan aikin da yaron ya riƙe shi ne wanda mai gwaji zai riƙe. Da kamfanin ya biya wani ya gwada waɗannan shafuka uku, da wuya aikin ya wuce yini ɗaya bai gano ramin ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan tsaga ta yi shekaru tana jiran wanda zai fara ganin ta.

"Wa zai damu da Nijar?"

Akwai masu cewa ƙasa mai talauci ba ta da abin da ɓarawon intanet zai nema. Wannan magana ba ta san yadda harin ke tafiya ba. Yawancin masu kutse ba sa zaɓen ƙasa. Suna sakin manhaja ne ta bi adireshin kwamfutocin duniya ɗaya bayan ɗaya, dare da rana, tana ƙwanƙwasa ƙofa. A ranar 25 ga Janairun 2003, wata ƴar ƙaramar cutar kwamfuta mai suna Slammer ta kama na'urori kimanin 75,000 masu ɗauke da SQL Server cikin minti goma. Intanet ya tsaya na sa'o'i a Koriya ta Kudu, dubban injinan cire kuɗi na Bank of America suka daina aiki. Kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran wannan rami wata shida kafin ranar. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sa gyaran ba, ko a ina suke.

Akwai kuma waɗanda ke zaɓe, kuma sun riga sun zaɓi wannan yanki. A watan Nuwamban 2022 kamfanin tsaro na Group-IB tare da sashen tsaron kamfanin Orange suka fitar da rahoto kan wani gungu mai magana da Faransanci da suka sa wa suna OPERA1ER. Rahoton ya ce daga 2018 zuwa 2022 gungun ya kai hari fiye da 30 kan bankuna da kamfanonin waya, ya sace aƙalla dala miliyan 11, wato sama da miliyar 6 na sefa. Nijar na cikin ƙasashen da aka lissafa, tare da Mali, Burkina Faso, Benin, Kwaddebuwa, Senegal da Najeriya. Su ta saƙon imel na yaudara suke shiga, su zauna cikin na'urorin kamfani wata da watanni suna koyon yadda kuɗi ke tafiya, sannan su kwashe. Galibin kayan aikinsu na kyauta ne. A 2023 hukumar ƴan sandan duniya ta Interpol ta ba da sanarwar kama wani da ake zargin jigo ne a gungun a Kwaddebuwa. Gwajin da ya cika sunansa yana amsa irin wannan tambaya ma: in ɓarawo ya kama kwamfutar sakatare, taku nawa ya rage masa ya kai rumbu?

Asarar kuma ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Ɗan damfarar da ya kira tsohuwa ya faɗi sunan ɗanta, garin da yake ci-rani da adadin abin da ya aiko makon jiya, ya gama da ita tun kafin ya nemi lambar sirri. Wanda ya iya karanta rumbu sau da yawa yana iya sauya abin da ke ciki, ko makin jarrabawa, ko sunan mai fili, ko jerin masu albashi. Lambar sirri in ta fita ana sauya ta, zanen yatsa kuwa mutum da shi zai mutu. A yankunan kan iyaka na jihar Maraɗi kamar Madarumfa da Gidan Rumji, inda satar mutane don kuɗin fansa ta addabi jama'a, jerin gidajen da ke karɓar kuɗi mai yawa daga waje zance ne na rai da mutuwa.

Doka tana nan, aiki ya rage

Nijar ba ta rasa dokoki ba. An kafa dokar kare bayanan mutane a watan Mayun 2017, aka sabunta ta a Disamban 2022, kuma akwai hukumar HAPDP da aka ɗora wa sa ido. Akwai dokar yaƙi da laifukan intanet ta watan Yulin 2019. Ƙasar na cikin waɗanda suka amince da yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka kan tsaron intanet da kare bayanai, wadda ta fara aiki a watan Yunin 2023. Dokar kare bayanai ta ɗora wa mai riƙe da su nauyin tsare su. Sai dai kowa na iya cewa ya tsare. Gwaji ne kaɗai ke raba mai gaskiya da mai fatar baki.

A fada da dandalin sada zumunta, in aka ambaci dokar 2019, abin da ke zuwa ran matasa shi ne ɓata suna da zagi a Facebook ko WhatsApp, musamman tun da aka maido da hukuncin ɗauri kan waɗannan laifuka a watan Yunin 2024. Wannan muhawara tana da muhimmanci, amma ta danne wata. Dokar ta kuma haramta shiga na'urar wani ba da izini ba. Haramcin daidai ne. To amma ɗalibin da ke cika takarda a shafin wata hukuma, ya lura cewa sauya lamba ɗaya a adireshin na fito masa da takardar wani, ina zai kai wannan labari? In ya yi shiru, ramin na nan. In ya yi magana, ba shi da tabbacin ko godiya za a yi masa ko sammaci. Yawanci shiru suke zaɓa, kuma ba a ga laifinsu ba.

Wasu ƙasashe sun warware wannan. Faransa ta sa a dokarta ta 2016 cewa wanda ya kai rahoton rauni ga hukumar tsaron na'urorin ƙasar da kyakkyawar niyya, hukumar za ta ɓoye sunansa. Beljiyam ta fara aiki da wata doka a watan Fabrairun 2023 mai kare irin waɗannan masu bincike, muddin sun cika sharuɗɗa, ciki har da sanar da mai na'urar da hukuma cikin gaggawa, ba tare da neman fansa ba. Ma'aikatar tsaron Amurka kanta ta gayyaci masu kutse a 2016 su gwada wasu shafukanta. Mutum 1,410 suka yi rijista, aka tabbatar da ramuka 138, shirin ya ci dala 150,000. Sakataren tsaro na lokacin, Ash Carter, ya ce da kamfani aka ɗauko da an biya sama da dala miliyan ɗaya. In ma'aikatar da ta fi kowace sirri a duniya ta ga amfanin hakan, ofishin da ke ba da takardar haihuwa ba shi da hujjar jin kunya.

Uzurin da za a kawo

Na farko kuɗi. Gaskiya ne baitulmali a matse yake. Amma wanda ya samu kuɗin gina tsari na ɗaruruwan miliyoyi bai rasa na gwada shi ba, ya dai manta ya sa a lissafi. Manyan kayan gwajin, irin su Nmap da sqlmap, kyauta ne. Abin biya shi ne ilimi da lokacin gwani. Bankunan da ke hulɗa da katin Visa ko Mastercard sun riga sun san wannan, domin ƙa'idar PCI DSS ta masu katunan ta wajabta irin wannan gwaji aƙalla sau ɗaya a shekara da kuma bayan duk wani babban sauyi. Sunan talaka da zanen yatsansa ba su gaza lambar kati daraja ba.

Na biyu tsoron buɗe ciki ga baƙo. Wannan damuwa ce ta gaske, musamman a lokacin da ake yawan zancen diyaucin ƙasa. Amsarta ita ce yarjejeniya a rubuce, da iyakar abin da za a taɓa, da rantsuwar riƙe sirri, da yin gwajin kan kwafin rumbu mai ɗauke da sunayen bogi a duk inda hakan zai yiwu. Amsa mafi ɗorewa kuma ita ce a horar da ƴan ƙasa. Jami'o'i da makarantun fasaha na yaye matasa masu ilimin kwamfuta duk shekara, da yawa suna zaune ba aiki, wasu kuma suna wannan sana'a a ƙasashen waje. Maido da uwar garke cikin gida ba ya ƙara mata tsaro in ƙofarta a buɗe take. Ɓarawon intanet ba ya neman biza.

Na uku, wasu za su ce manhajar daga babban kamfani aka saye ta. A ƙarshen watan Mayun 2023 gungun Cl0p ya yi amfani da ramin cusa umarnin SQL a cikin MOVEit, wata manhajar aika fayiloli ta kamfanin Progress na Amurka. Hukumomi da kamfanoni fiye da 2,000 abin ya shafa, da mutane sama da miliyan 60. Ma'aikatan BBC da British Airways sun shiga ciki ta hanyar kamfanin da ke shirya musu albashi. Babban suna ba ya hana rami, kuma bayanan da aka bai wa ɗan kwangila suna nan a wuyan wanda ya tattara su.

Labarin MOVEit yana tuna wani abu kuma: gwaji ba laya ba ne. Ramin da ke cikinta ba a san shi ba kafin harin. Gwaji ba ya alkawarin cewa ba za a shiga ba. Yana toshe ramukan da aka sani, waɗanda su ne suka fi yawa, yana kuma rage abin da ɓarawo zai iya ɗauka in ya shiga. Rahoton da aka karɓa aka jefa cikin durowa kuwa ya fi rashin gwaji muni, domin ranar da abin ya faru shi ne zai zama shaida cewa an sani.

Abin da ya kamata a yi

Duk kwangilar gwamnati ta gina tsarin da zai riƙe bayanan jama'a ta ƙunshi gwajin tsaro daga wani ɓangare dabam, kuma kada a biya kason ƙarshe sai an toshe abin da aka gano, an sake gwadawa. Hukumar HAPDP ta riƙa neman shaidar gwajin shekara daga bankuna, kamfanonin waya, kamfanonin aika kuɗi da ma'aikatu, ta kuma wallafa sunayen waɗanda suka kawo da waɗanda ba su kawo ba, ba tare da fallasa abin da ke cikin rahoton ba. A buɗe adireshi ɗaya sananne inda kowa zai kai rahoton rauni, a rubuta ƙarara cikin doka cewa wanda ya bi ƙa'ida ba za a kama shi ba. In kuma an yi kutse, a sanar da waɗanda abin ya shafa da wuri, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, ta rediyo da saƙon waya, don su san kiran da ba za su amsa ba.

Matasan da ke sha'awar wannan fanni su ma da nasu nauyin. Gwada na'urar wani ba da izini a rubuce ba laifi ne, ko da niyyar ta alheri ce. Akwai manhajoji irin su WebGoat da DVWA da aka gina da ramuka da gangan don koyo, ana sa su a kwamfutar gida, a fasa su yadda ake so ba tare da an taɓa haƙƙin kowa ba. Daga nan ake fara sana'ar.

Ɗan ci-ranin da ke miƙa katinsa a taga, da mai rijistar layi, suna da damar su tambayi kamfanin yaushe aka gwada rumbunsa na ƙarshe, kuma wa ya gwada. Mai taga ba zai san amsa ba a karon farko. In masu tambayar suka yi yawa, maganar za ta kai ofishin darakta. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma TalkTalk ya samu gargaɗi sau biyu, a Yuli da Satumba, kafin Oktoba ta zo.